Auta Ba Za Ta Janye Rahotonta Ba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara wa ƙafar nan sauƙi, kai kuma ka rage hawa bene kamar saurayi. Mu nan lafiya lau, sai hawan jinin Babansu da ke ɗan motsawa. Yana shan magani idan na tsaya a kansa.

Saƙonka ya iso, cewa in sa 'yarka Auta ta je ta ba mai makaranta haƙuri, ta janye rahoton da ta rubuta. Na san abokinka ne, kuma albarkacinka ta samu aikin koyar da Turanci a wurinsa. Amma gefe ɗaya ka ji, bari in ba ka ɗayan.

Tun farkon zango yarinyar nan ta mamaye min teburin falo da littattafan 'yan ajinta. Ba jan biro kawai take zubawa ba, kowane kuskure sai ta nemi inda ya fito. Ta kasa su uku: wanda yaro ya yi tunani da Hausa ya juye cikin Turanci, wanda gaggawa ta jawo, da wanda aka koya masa a karkace. Na ukun ne ya fi yawa. Aji guda, kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, kamar an buga da hatimi. Da ta bi sawu, sai ga shi a littafin da mai makarantar ya rubuta da kansa, wanda aka wajabta wa kowane ɗalibi. Ni ma da 'yar sakandaren da na yi, na sa tabarau na duba, na gani. Yaya, yaran nan faɗuwa suke yi a jarrabawar fita a kan abin da suka haddace tsaf!

Ban wanke ta duka ba. Da ta rubuta rahoto a kan littafin, miƙewa ta yi a taron malamai ta karanta a gaban kowa, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Na yi mata faɗa har Babansu ya ce ya isa haka. Na ce dattijo a ofishinsa ake samunsa, a rufe ƙofa. A kan wannan za ta ba da haƙuri, ni da kaina zan raka ta. Amma shi cewa ya yi sai ta sa hannu a kan ita ce ta yi kuskure, littafinsa ba shi da aibu, in ba haka ba kada ta dawo ranar Litinin. Wannan kam a'a. Ni da na sha murɗe mata kunne tana ƙarama a kan ƙaryar wa ya fasa kofi, yau in riƙe mata biro ta yi babbar ƙarya?

Ka ce aiki yana wuyar samu. Na sani, ita ma ta sani, ta sha kukanta. Na ce ta share hawaye ta goge kayanta. Litinin za ta tafi da littattafan yara duk a gyare. In mai gadi ya hana ta shiga, ta miƙa masa ya kai musu, ta dawo gidan ubanta. Abincin da ya ishe mu kafin ta fara aiki bai ƙare ba.

In taimakonta kake so, abokinka za ka kira, ka ce ya gyara littafinsa. Auta ta ce za ta yi masa gyaran, ba sai an sa sunanta ba.

Ka gaishe min da Antinmu, da Doguwa da mijinta, da takwarata sarkin surutu. Babansu yana gaisuwa. Auta ma tana gaishe ka, ta ce kada ka yi fushi da ita. Na ce mata in fushi ne, da ni za ka yi.

Ƙanwarka,
Maman Auta