Wata Uku Ina Kallon Mma Azumi da Ido

Zuwa ga Shugaban ofishin da ke sabunta katin izinin aiki ga masu jiran girin kad, wato takardar zama ta dindindin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalinku da ma'aikatanku baki ɗaya. Ban san sunanku ba, ban ma san ko namiji ne ko mace ba, domin duk takardar da ta zo mini daga wajenku lamba ce a samanta, babu sa hannun ɗan Adam. Saboda haka zan riƙa cewa "ku", yadda ake yi wa manya a wajenmu.

Sunana Hadiza, 'yar Zariya, ina zaune a unguwar Mount Hope da ke Bronx. Maigidana ɗan ƙasa ne, direban tasi, shi ya cika mini takardun zama na dindindin. Kafin su fito, kati kuke ba ni na shekara guda in yi aiki da shi, in ya ƙare a sabunta. Sau uku na rubuto muku da Turanci, 'yata ta gyara mini, ko tari ba ku yi ba. To yau da Hausa na rubuta, kuma a fili, kowa ya karanta. Ku nemi tafinta. In ya ce ku jira, ku jira, ku ma ku ɗanɗana.

Na ɗaya: ban yi sakaci ba. Saura wata huɗu katina ya ƙare na cika fam, na haɗa da hotuna biyu, na aika. Kuka turo mini rasit. An ce wata uku ake yi. Yau wata bakwai ke nan cif. Na kira lambarku har na haddace kiɗan da kuke sa wa mutum yana jira, wallahi ina wanke-wanke sai in ji ina rera shi. In an ɗauka, sai wata mai ladabi ta ce ana kan dubawa. Na hau jirgin ƙasa na je ofishinku da kaina, na bi layi, wani saurayi ya danna kwamfuta, ya juyo mini da fuskarta. Abin da ke cikin wayata tun daga gida, shi ya nuna mini. Haba jama'a, me ake dubawa? Hoto na ne, sunana ne, yatsuna goma kun riga kun ɗauka.

Na biyu: ga abin da jinkirinku ya taɓa. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu, ta hannun wani kamfani. Shekara biyu da rabi ina wajen mace ɗaya, Mma Azumi, tsohuwa daga Zangon Kumasi, a wani bene kusa da titin Grand Concourse. Ɗanta Mubarak ne ya kawo ta, shi kuma direban babbar mota ne, yakan yi kwana biyar bai ga gida ba. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, kuma ɗan Turancin da ta tsinta a ƙasar nan ciwon ya kwashe shi tas, sai Hausa ta rage a bakinta. Ni nake mata wanka, in juya ta kada bayanta ya yi gyambo, in dama mata koko, in kama mata alwala, in juya kujerarta gabas. Tana tsokanata wai Hausar Zariya ta cika yanga, ni kuma in ce tata ta sha manja. Ranar da katina ya ƙare, kamfani ya kira ya ce kada in je gobe. Ban ga laifinsu ba, doka suka bi. Ba kuma kukan albashi na zo yi muku ba, maigidana yana ƙoƙari, ba mu kwana da yunwa.

Na uku, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. Na ce to shi ke nan, in ba a biya ni ba sai me? Zan je in yi mata don Allah. A wajenmu dubiya ba kallo ba ce. In ka je duba mara lafiya, ka share ɗaki, ka wanke kwano, ka tallafi kansa ya sha ruwa. Sai lauyanmu ya zaro ido. Ya ce aikin da ake biyana a da, in na ci gaba da yinsa a gidan nan ko kyauta ne, ana iya cewa na yi aiki ba izini, a sa mini matsala a takardun da muka yi shekaru muna jira. Na ce wanka fa? Ya ce a'a. Abinci a baki? Ya ce kada in kuskura. Na ce to gaisuwa fa, ko ita ma sai da kati? Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce in je in gaishe ta, in zauna, hannuna a cinya.

Na huɗu: ga abin da nake gani, hannun nawa a cinya. Kamfani ya turo wata baiwar Allah 'yar Jamaika. Ba zan ci amanarta ba, tana da tsafta, tana da haƙuri, ba ta makara. Amma ba ta jin ko "zo". Mma ta ce ruwa, a kawo bargo. Ta ce ƙafarta ta sage, a kunna talabijin. Sannan matar bahaguwa ce, da hagu take miƙa cokali, Mma kuwa tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa karɓar abinci daga hagu ba, sai ta datse baki ta juya kai. Na yi wa matar bayani, ta gwada da dama, kokon yana zuba a wuyan riga. Ta gyara ɗaki don haske ya shigo, kujerar sallah ta koma kallon yamma. Ina zaune ina fassara, kamar rediyo. Rannan hannuna ya kai kan cokali, na tuna fuskar lauya, na janye. Na fito na tsaya a matakala na yi kuka har ya ishe ni.

Ita Mma ba ta gane ba, kuma ta ina za ta gane? Ta ɗauka fushi nake. Ta kama gefen mayafina da hannunta mai lafiya ta ce, "Hadiza, me na yi miki?" Na ce babu komai Mma, kati ne bai zo ba. Sai ta lalubo 'yar jakarta a ƙarƙashin matashi, ta zaro katin shiga bas na tsofaffi, ta tura mini. Ta ce in dai kati ne ga nata, ita ba ta zuwa ko'ina. Ranku ya daɗe, ku gaya mini amsar da zan ba ta, tunda ku ne masu ilimin abin.

Na biyar: lokaci ba ya gefenmu. Zoben da ke yatsanta yanzu zare aka ɗaura masa don kada ya faɗi. Likita ya ce tana ramewa, in ba ta koma cin abinci ba sai gidan kula da tsofaffi. Mubarak ya kira ni daga kan hanya, ya ce, "Anti, in Babbar Sallah ta wuce ba ki dawo ba, ba ni da yadda zan yi." Saura mako biyar. A can babu mai ce mata sannu da harshenta, babu mai sanin lokacin la'asar. Na san matar nan. In aka kai ta, ba za ta daɗe ba.

Akwai wata magana da ban so in faɗa a fili ba, amma kun kai ni bango. Tun bara, ina taje mata kai, Mma ta sa na yi mata alkawari. Ta ce ba ta da 'ya mace a ƙasar nan, in ta cika kada a bar baƙi su ga tsiraicinta, ni zan yi mata wankan ƙarshe. Na ce Mma ki daina irin wannan zance. Ta ce sai na amsa. Na amsa.

Saboda haka ga roƙona. Ku sa mutum, mai jini a jika, ya buɗe fayil ɗina. In akwai abin da ya rage, ku faɗa, yau zan kawo shi da ƙafata. In babu, ku buga katin ku aiko. In bugawar ce ke da wuya, ku rubuta layi biyu ku ce tsohon katin yana aiki har sabo ya fito, kamfani zai karɓa. Kuma ba ni kaɗai ba ce, ku je masallatan titi na 116 ranar Juma'a ku tambaya, za ku ji. Ba alfarma na nema ba. Ku kuka ce in nemi izini, na nema a kan lokaci, na kuma kama hannuna kamar yadda kuka so.

Na koma wajen lauya makon jiya da tambaya ɗaya. Ya duba, ya ce wankan gawa ibada ce, ba aiki ba ne, ba ya bukatar izinin kowa. Wato wannan kam kun bar mini.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa ku gama da iyayenku lafiya. In tsufa ya zo muku, Allah ya ba ku mai jin maganarku, kada kuma ya sa takardar wannan mutum ta faɗa ofis irin naku. Ni dai abin da nake nema ɗaya ne: ku bar ni in yi wa Mma Azumi wanka tun tana jin ɗumin ruwan.

Wassalam.

Taku mai jira,
Hadiza, Mount Hope, Bronx