Turaren da Kika Aiko

Hajara 'yata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina hidima? Yaya maigidanki da yaran, yaya tsadar Legas? Mu nan Masanawa lafiya lau, sai ciwon gwiwa.

Tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ban ji maganar da ta kaɗa ni kamar ta Juma'ar nan ba. A kan turaren da kika aiko min ne. Shi ba ya hawa kai irin na kasuwar Kabo. Sanyi gare shi, kamar furen lemon tsamin da marigayiya mahaifiyarki ta dasa, in ruwan fari ya sauka. Wata biyar ba na sallah sai na fesa, a aljihu nake yawo da shi.

Mun fito masallaci sai Sani mai kemis ya ce, "Baba, in ga kwalbar nan." Ya karanta Turancin jikinta, ya ce, "Ai da ruwan giya aka haɗa shi. Sallolinka sai dai ka rama."

Na ce, "Kai da na ci naman sunanka?" Amma ranar ko tuwo ban iya ci ba. Ni da ban taɓa leƙa gidan giya ba, a ce da ita nake tsayawa a sahun gaba.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe min da kowa.

Gobe da safe zan tafi Gude wurin tsohon limaminmu. In ya ce in rama, zan rama har ta ƙarshe. Kwalbar dai ba zan fasa ba. In na sallame sai in buɗe in shaƙa.

Mahaifinki