Littattafan da Salman Yake Nema

Hunkuyi, Ƙaramar Hukumar Kudan.

Zuwa ga Yaya Mudathir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti Suwaiba da yara, da fatan aiki da zaman Fatakwal suna tafiya daidai. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan da sauƙi. Baba yana fita zaure ba da karatu kamar kullum, sai dai ya rame ƙwarai, Inna kuma ciwon gwiwarta ya tashi tun da damina ta zauna. Na rubuto ne maimakon in kira ka, domin ɗakin Salman yana jikin nawa, kuma yanzu babu abin da yake wuce kunnensa.

Ka san yadda ka bar ƙanen namu a asibiti bayan motar masarar nan ta buge shi a hanyar Makarfi. Da muka dawo gida abin ya fi haka muni. Ƙafafun ba sa motsi, bayansa ya fara gyambon kwanciya, ya juya fuska bango, abinci sai Inna ta yi kuka yake karɓa. Abokan karatunsa sun yi ta sintiri da farko, daga baya ƙafa ta ɗauke. Zainulabidin kaɗai ya rage, wanda yake haɗa wa ofisoshi intanet a Makarfi. Shi ya kawo masa tsohuwar kwamfutarsa, ya ce wani mai kantin magani yana son manhajar da za ta sa kwamfutar kanti da ta sito su riƙa aika wa juna saƙo, shi kuma waya kawai ya iya ja. Salman ya ce ya kwashe kayansa. Bai kwashe ba. Washegari da na kai wa Salman koko, na tarar ya ɗora ta a ƙirji yana dannawa.

Yaya, tun hatsarin ban ji ya yi doguwar magana ba sai a kan wannan aiki. Ya ce min kwamfutoci ma suna da ladabin magana: ɗaya ta yi sallama, ɗayar ta amsa, ta farkon ta nuna ta ji, sannan a shiga zance, in kuma saƙo ya ɓata a hanya a sake aiko shi. Ƙofar da saƙon ke bi wai ita ake kira soket. Ranar da ya fara cin nasara, wayata ce ta yi ƙara ina tsakar gida, na duba na ga ya rubuto daga kwamfutar cewa a kawo masa tuwo. Inna da kanta ta tuƙa.

Amma yanzu ya cije. In kwamfuta fiye da ɗaya ta kira tasa a lokaci guda sai komai ya tsaya, kuma ba shi da wanda zai tambaya. Abin da yake hannunsa tsofaffin takardun makaranta ne da rabin wani littafi a waya. Darussan bidiyo ba sa sauka a unguwarmu, na je har bakin kasuwa neman sabis na dawo da guntu. Shekaranjiya ya rufe kwamfutar ya koma kallon bango, ko caji bai ce a yi mata ba.

Don Allah ka tambayi injiniyoyin kamfaninku littattafan da suka koyi ƙa'idojin TCP, wato ladabin maganar nan na kwamfutoci, da rubuta soket da su, na takarda, masu aikin gwaji a ƙarshen kowane babi, tunda wuta ba ta zama. A zuba masa bidiyoyin a filas, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. In kuma akwai mai haƙuri a cikinsu da zai riƙa amsa masa tambaya, ka haɗa su.

Ga abin da ya fi min nauyi. Makon jiya Baba ya koma wurin likita da sabon hoton baya, aka gaya masa lakar ta tsinke, Salman ba zai sake takawa ba. Baba ya hana a faɗa masa. Inna har yanzu ce masa take kafin a kai amfani rumbu zai miƙe. Jiya na ce masa zan rubuto maka, na tambaye shi ko in ce a turo ƙananan littattafai waɗanda zai gama kafin ya warke. Ya dube ni ya ce, “Badi'a, ki ce masa ya aiko masu kauri. Ina da lokaci.”

Ban faɗa wa Baba wannan maganar ba, amma ina zaton Salman ya riga ya gane. Ina ganin kai ya kamata ka zo da littattafan da kanka, ku zauna ku uku, kai da Baba da shi.

Baba da Inna suna sa maka albarka. Ka gaishe min da Anti Suwaiba, da Yahya, da ƙaramar Mukarrama. Ku ci gaba da sa Salman a addu'a.

Ƙanwarka,
Badi'a