Kyautar Farar Safa Ta Zaunar Min da Jika

Zuwa ga Shugabar makarantar rainon yara da ke bayan layinmu, Unguwar Kanawa, Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da malamanki. Ni ce kakar Sadiƙ na ajin 'yan shekara huɗu, tsohuwar nan da ke zuwa ɗaukarsa da lema. Na rubuto a fili ne don sauran iyaye su ji. Hajiya, ƙara na kawo: angon nawa, kamar yadda nake tsokanarsa, ya daina gudu, kuma a makarantarki ya koyo zaman.

Na ɗaya. Iyayen Sadiƙ ma'aikatan gwamnati ne, a saman bene suke haya, babu tsakar gida. In an tashi makaranta wurina yake yini, kuma nan ne kawai yake samun ƙasar takawa. Da, kafin in ajiye lema ya kori kajina, ya hau turmi ya diro, ya zagaye bishiyar gwaiba har jiri ya kayar da shi. Bakina yana faɗa, zuciyata tana murna. Ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Na biyu. A zangon nan kuka fito da sabon tsari. Duk Juma'a a jera yara a duba safa, wanda tasa ta fi fari a manna masa tauraro a goshi, a tafa masa. Sadiƙ ya ci sau ɗaya, ya ɗanɗani tafi, shi ke nan. Na leƙo lokacin hutun tara na gani da idona: yana zaune a baranda ya harɗe ƙafa kamar alƙali, abokansa na gefe, kowa yana gadin safarsa. Lilon da iyaye suka yi karo-karo aka kafa yana can tsatsa tana ci.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Abin ya biyo shi gida. Ran Asabar 'ya'yan maƙwabciyata Maman Blessing suka shigo da ƙwallo suna kiransa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kalli ƙwallon, ya kalli ƙafarsa, ya koma ya zauna. Ko safar ma babu a ƙafar! Na yi dariya har da hawaye, daga baya raina ya ɓaci. Uwarsa kam murna take, wai wanki ya ragu, ta miƙa masa waya. Yanzu kajina sun yi ƙiba, yaro kuma tsakurar abinci yake.

Na san tsabta kike son koya musu, kuma na yaba. Amma roƙona, a duba tsabta da safe: farce, haƙori, kai. Daga nan a sake su. Malamai su fita da su fili, a yi 'yar tsere, a yi langa, a zuba wa lilo mai. Wanki kuwa namu ne, ba mu kawo kukansa ba.

Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri da 'ya'yan mutane, ya ɗaukaka makarantarki, ya sa ki ga amfanin yaran nan.

Kada ki ce ban sanar da ke ba. Juma'a mai zuwa zan tsaya a bakin ƙofarki da alewa cikin jaka, duk yaron da safarsa ta fi datti shi zan ba. Ina roƙon Allah ya sa jikana ne zai cinye.

Wassalam.

Hajiya Ladi, kakar Sadiƙ,
Unguwar Kanawa.