Inna, Ummi Ba Ta Kakare Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Malama.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifiyarsa yana durƙushe, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima inda kike, ina shaida miki gida lafiya. Mun cire tafarnuwa, ta yi kyau gwargwado, sai dai ni ne na fito daga fadama bayana ba ya miƙewa. Na san ba karanta wannan za ki yi ba, ko kina raye ma boko ba naki ba ne. Magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro, na gaji da riƙonta. Masu bin shafina su yi haƙuri, yau ba da su nike ba.

A kan Ummi ne, ɗiyata ta fari, takwararki.

Ke kinka fara ɗora mata karatu tun idonki na gani. Da idon ya tafi, kunne ya karɓi aikin. Kullum da hantsi tana zaune gefen tabarmarki tana tilawa, ke kina jan tasbaha kamar ba ki saurare. Amma ta ɗan yi shiru, kafin ta haɗiye yawu kin jefa mata farkon ayar da ke gaba, ta ɗauka ta wuce. Haka kinka yi wa matan unguwa duk tsawon rayuwarki. Kin sha faɗa mini, "Umaru, ba a barin mai karatu shi tsaya shi kaɗai."

Da makarantarsu ta zaɓe ta zuwa musabaƙa Sakkwato, kin so a tafi da ke. Ƙafa ta hana, ƙirji ya hana, ni kuma na zauna saboda ba ni iya barinki. Sai anka ce za a nuna karatun kai tsaye ta waya. Ran nan kinka sa matata Hadiza ta ciro miki mayafinki na Sallah, kinka shafa turare, kinka zauna tsaf bakin gado kamar mota kike jira.

Ni ma na yi nawa shiri. Na cika waya da caji, na sayi data mai yawa. Abin da ban lissafa ba, ranar ta faɗo ran kasuwa, garin Wurno cike da baƙi, kowa da waya a hannu, duk ƙarfen sabis guda muke ja. Ɗakinki kuwa kin san shi, ko ranar da ba kasuwa sai an tsaya kusa da taga ake jin mutum.

Anka kira sunanta, ta hau, ta yi basmala. Murya ta fito tas. Na ga leɓenki na bin ta a hankali. Ba ta yi nisa ba hoton ya daskare, wani ɗan zobe ya fito tsakiyar waya yana juyawa, yana juyawa, ɗaki ya yi tsit. Ni ina ganin zoben. Ke ba ki ganin komi, shiru kawai kinka ji. Sai kinka miƙa wuya wajen wayar, kinka ɗora mata ayar da ke gaba, da muryar nan taki ta hantsi. Allah da ikonSa, kina rufe baki wayar ta saki, Ummi ta ci gaba daidai daga inda kinka faɗa. Kinka gyaɗa kai kinka ce, "Yauwa."

Na ce miki ba ita ta tsaya ba, sabis ne. Kinka ɗaga mini hannu in yi shiru, ana karatu.

Inna, ran nan na wahala. Ba abin da na sani wanda ban yi ba. Na kashe data na kunna. Na rufe duk tarkacen da ke buɗe cikin wayar. Na ɗora ta kan taga, na ɗaga ta sama har hannuna ya yi tsami. Na sauya layi, ɗayan ya fi wannan lalacewa. Na fita tsakar gida na hau turmi, can ta ɗan yi dama, amma ke ba ki ji daga can, kinka yi kira in dawo miki da jikarki. Na san da na hau tudun bakin hanya da ta tafi sumul, to wa zai kai ki tudu? Na dawo na durƙusa gabanki da waya, zufa na zuba, zoben nan na juyawa kamar da gayya. Duk juyin da ya yi, sai kin ɗora mata aya. Tun kina yi da ƙarfi har numfashi ya fara gaza ki, kina tari kina ɗorawa.

Kin ɗauka tana jin ki. Ban ga laifinki ba, don in ƙanena Sani ya kira daga Ikko ta bidiyo, kina magana yana amsawa, kuma wayar dai ita ce. Da anka gama na zauna in yi miki bayani, na ce wanga daban ne, mu ke jin su, su ba su jin mu. Na ce a musabaƙa in yaro ya kakare alƙalai na kaɗa ƙararrawa, kin ji ƙararrawa? Kinka ce, "Ina za su kaɗa, ai riga su nika yi." Wallahi sai na ajiye wayar na fita, raina a ɓace, ban san ma da wa nike fushi ba.

Ummi ba ta zo ta ɗaya ba, ta dawo da kyautar hijabi da takardar yabo. A wurinki wannan ya gama shari'a, tsaye-tsayen ne sunka ja mata. Tun a zaure na tare ta na faɗa mata abin da ya faru, don ta san yadda za ta yi miki bayani. Ta shiga ta durƙusa, kinka laluba kanta kinka dafa, kinka ce, "Kin dai ji ni ko?" Ina tsaye bakin ƙofa ina jira ta gyara zancen. Yarinyar nan ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ji ki, Inna." Daga baya na tambaye ta mi ya sa. Ta ce ba ta iya ce miki wahalar banza kinka yi.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma kin sa shi a rai. Jiki na ƙara yin ƙasa, ke kuwa ba ciwonki kike zance ba. In na shigo da kunu sai ki ce, "Haddar yarinyar ga ba ta zauna ba, Umaru." Wata rana da la'asar kinka riƙe hannuna kinka ce, "In na tahi, wa zai buɗa mata?" Na rantse miki ba ta kakare ba. Kinka yi murmushin nan da kike yi mini tun ina yaro in kin ga ina kare wani, kinka ce uba ba ya ganin laifin ɗiyarsa.

Abu guda zai raba mu gardama, ki ji karatun daga farko har ƙarshe ba yankewa. Kullum sai na duba ko masu musabaƙar sun ɗora bidiyon. Ba su ɗora ba. Na kira malaminsu, ya ce ana kan gyara shi. Na sake kira har na fara jin kunya. Ba su ɗora ba sai bayan mun yi sadakar bakwai ɗinki.

Da na gan shi ma ban tsira ba, ina taɓawa zoben ya fito. Na gaji, Inna. Na ɗauki wayar na tafi rumfar Sahabi mai caji, abokina na ƙuruciya, wanda kike kira Dogo. Na ba shi labari duka. Ya taɓa wani wuri a gefen bidiyon ya rage kyawun hoton zuwa na can ƙasa, fuskoki sunka yi dishi-dishi, amma murya ta miƙe ba tsayawa. Ya ce hoto mai kyau shi ke da nauyi, sabis ɗinmu ba ya iya ɗaukarsa, bare ran kasuwa. Ya ce ko ran nan da anka rage shi da ya fi haka tafiya. Sai ya dube ni ya ce, "Tsohuwar da ba ta gani, mi za ta yi da hoto mai kyau?" Bai faɗa don ya soke ni ba, shi ma da ya ji abin da ya fito bakinsa sai ya kau da kai. Ya ce in fita da sassafe kafin gari ya tashi, in hau tudu in sauke bidiyon gaba ɗaya cikin waya, daga nan ko babu sabis zai yi. Ku da ke karantawa, in kuna da tsoho a ɗaki, ku riƙe wannan.

Haka na yi. Na dawo gida na shiga ɗakinki, na zauna inda na durƙusa ran nan, na kunna.

Inna, ga saƙon da na zo da shi. Ummi ba ta kakare ba. Ko sau guda. Daga basmala har inda alƙali ya ce ya isa, karatun nan tafiya yake kamar ruwa a kwalbatin fadama ranar da anka saki dam. Ba ƙararrawa, ba inda-inda. Malaminta ya ce a wajen jan madda ta rasa maki, kuma suna kan gyarawa. Duk ayar da kinka ɗora mata kina tari, tana bakinta tun kafin ki faɗa. Abin da kinka zuba mata ya zauna daram. Yanzu ma ita ke sauraren tilawar ƙannenta da hantsi a kan tabarmarki, kuma in sun yi shiru ba ta barinsu su tsaya su kaɗai.

Na ɗauka in na ji shi sumul zan huta. Ban huta ba. Na saurare shi har ƙarshe ina jiran wurin da zai tsaya, don a nan muryarki take shigowa, bai tsaya ba. Shi ya sa wani lokaci, in na dawo daga gona na gaji, sai in ƙyale wanda na sauke, in buɗe na kan layi a cikin ɗakin nan naki marar sabis. Zoben ya fito yana juyawa, ɗaki ya yi tsit, ni kuma in zauna ina saurare. Hadiza ta ce ɓarnar data nike yi. Gaskiyarta ce.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Allah Ya haskaka kabarinki da hasken Littafin da kinka ƙare rayuwarki kina ɗora wa mutane. Yadda ba ki taɓa barin mai karatu ya tsaya shi kaɗai ba, Allah kada Ya bar ki ke kaɗai a wurin tambaya, Ya buɗa miki. Ya sada mu a inda ba yankewa. Amin.

Ki kwantar da hankalinki a kan takwararki.

Ɗanki,
Umaru
Wurno