Lambar da Ta Ƙi Motsi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ya yara?

Ka tambayi abin da nake karantawa. Ka tuna ranƙwashin da na sha ranar da na yi ta danna maɓalli ɗaya a kalkuletarka har lambar ta daina canjawa, ka ce na lalata ta? To, irin lambar nan nake bincike a kai. Akwai ƙa'idar da ta ce duk lambar da ta tsaya cak tana jawo sauran, dole ta jawo ɗaya daga wuraren da lissafin ke cijewa, wato inda ya ƙi gaba ya ƙi baya. Mai nemanta sai ya bi inda ya cije.

Nawa ma ya ɗan cije. Malamina ya ga na manta wuraren da amsa ke tafiya ba iyaka, ya soke babi guda na bincikena da jan biro. Ba komai, ina cin abinci. Sai dai bana ba zan zo ba. Bari in gaya wa Inna da bakina.

Kai dai kada a ɗauke mata kujerarta daga bakin ƙofa. Duk inda na cije, wajenta na dosa.

Allah Ya bar zumunci. Ranƙwashin kuma ban yafe ba.

Autarku