Na Yi wa Mufeeda Talla

Juma'a, 7 Fabrairu 2025
Sun sallame ni. Shekara shida ina tsara wa kamfanin nan talla, yau ko shayina bai huce ba aka gama da ni. An rufe sashenmu, mai kai talla ga baƙaƙen fata da baƙi irinmu, wai babu kasafi. Hotona kuwa yana nan a shafinsu ina washe haƙora. Matar ofishin ma'aikata ta yi ta bayani, abu ɗaya na ji: inshorar lafiya za ta tsaya ƙarshen Maris. Ga 'yata Abby da sikila. Yarinya 'yar shekara tara.

Lahadi, 16 Fabrairu
Chollom ya kira daga Jos, bizarsa har yanzu shiru. Na gaya masa. Ya ce Ubangiji zai buɗe hanya. Na san zai buɗe, mijina. Ni dai a gaya mini yaushe.

Laraba, 19 Fabrairu
Intabiyu ta kwamfuta. Suka ce wane aiki na fi alfahari da shi. Na ce ai aikin taro ne, kowa ya sa hannu, Allah kuma ya taimaka. Ni na ƙirƙiro shi daga farko har ƙarshe! Sun ce za su kira. Ba za su kira ba.

Asabar, 22 Fabrairu
Wata nas a cocinmu ta matsa mini in je taron masu aikin talla baƙaƙen fata, a wani ɗaki na laburare nan unguwarmu, Largo. Na je don ta ƙyale ni. Shugabar, Diana, tsohuwar Ba'amurkiya ce mai farin gashi da kaifin baki. Ta ce kowa ya tashi ya yabi kansa. Amurkawan nan suka yi ta zuba kamar famfo. Da aka zo kaina na faɗi sunana na zauna. Wata mai ɗankwali a gefena ita ma haka. Ashe 'yar Kumasi ce, Mufeeda, tana jin Hausa.

Diana ta ce mu da ke iya sayar wa mutane man goge baki, kanmu ne ya gagare mu? Mufeeda ta ce mata a gida mutum ba ya yabon kansa, wani yake aikawa ya yi masa magana. Diana ta ce, to ku aika mana. Ta haɗa mu: ni bakinta, ita bakina. Ban so ba. Aiki iri ɗaya muke nema.

Asabar, 1 Maris
Mun zauna kowa ta baje aikinta gaban 'yar'uwarta. Mufeeda ta fara azumi yau, amma surutu bai ragu ba, komai tana da labarinsa sai kanta. Tun bara ba ta da aikin ofis, tsofaffi take kula da su a gidajensu. Aikinta yana da kyau, abin haushi. Ta taɓa sa matan unguwarsu suka yi layi a gwajin cutar daji, ba da allon talla ba, ta hannun masu kitso ta bi. Ta duba nawa ta ce, "Ei, sista Chundung, ke marketer ce paa!" Na ce ta bari.

Na nemi inshorar jiha saboda Abby. A jira, in ji su.

Alhamis, 13 Maris
Wannan kam sai na rubuta.

Diana ta samo mana shiga wani taron 'yan talla a unguwar Northwest, bayan tashi aiki. Kowa da kofi a hannu da dariyar ƙarya. Ta nuna mana wani dogon mutum, Raymond, shugaban sashen talla na wasu asibitoci. Gurbi ɗaya gare shi, da cikakkiyar inshora. Tun a jirgin Metro muka shirya da Mufeeda: ni zan fara, sannan ita.

Na fara. Ban san me ya hau kaina ba. Na manta da Abby, na manta da komai, aikin ne kawai ya yi mini daɗi kamar dā. Na ba shi labarin masu kitson nan yadda ya kamata a ba da shi. Mutumin ya ajiye kofinsa. Mufeeda tana kallon takalminta, ko ruwan buɗa-baki ba ta gama sha ba.

Sai nata lokacin. Ta nuna ni, ta ce masa wannan da yake gani ita kaɗai ta ɗaga kamfaninsu a unguwannin da ba su taɓa shiga ba. Kunya ta rufe ni. Kafin in ankara bakina ya ce, a'a, tana zuzutawa ne, mu da yawa muka yi. Da Turanci, da murmushi. Ta tsunkule ni a hannu. Ya gyaɗa kai, ya karɓi katinta. Nawa ma ya karɓa, ya sa a aljihun baya.

Muka hau jirgin komawa gida.

Litinin, 24 Maris
Mufeeda ta samu aikin. Da kanta ta kira tana kuka, wai ba ta san yadda za ta gaya mini ba. Na ce barka, Allah ya sa albarka. Da na ajiye wayar na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Abby ta ji ni. Ina jin haushinta, kuma na san ba ta yi mini komai ba. Wannan ne ya fi ciwo.

Asabar, 29 Maris
Ban je taro ba. Diana ta kira, ban ɗauka ba.

Litinin, 31 Maris
Yau inshora ta mutu. Ta jiha ba ta fito ba. Mufeeda ta ajiye mana abincin salla a bakin ƙofa jiya, shinkafa da wake irin nasu da baƙin yaji. Na ce ba na jin yunwa. Abby ta cinye nata da nawa.

Alhamis, 3 Afrilu
Daga makaranta suka kira, ciwon Abby ya tashi a ƙafafu. Na same ta a dunƙule, ba ta ko iya kuka. A asibiti matar da ke taga ta duba katin, ta duba ni, ta ce ba ya aiki. Na ce na sani. Sun karɓe ta, sun ce takardar biya za ta biyo ni gida. Ta biyo.

Da ruwan da aka ɗaura mata ya fara shiga jikinta, Abby ta ce mini da Turanci, wai ta yi haƙuri da ta yi rashin lafiya a lokacin da bai dace ba. Wa ya gaya mata? Ni ban gaya mata ba.

Lahadi, 6 Afrilu
Mun dawo gida. Ba coci. Ba na son a tambaye ni.

Talata, 8 Afrilu
Wata mata ta kira daga wata ƙungiyar lafiya a College Park, intabiyu ranar Juma'a. Raymond ne ya ba ta sunana. Na ce ya aka yi ya tuna da ni? Ta yi dariya, ta ce sabuwar ma'aikaciyarsa ce ta tsare shi a ofis ta hana shi fita cin abinci, wai akwai sauran maganar da aka katse mata. Mace ko sati biyu ba ta yi a wurin aiki ba. Rashin hankali. Da sun kore ta fa?

Intabiyu ce kawai, ba aiki ba. Kada in sa rai.

Na kira Mufeeda dai, don in ce mata kada ta sake. Ban samu na faɗa ba. Na ji kaina ina cewa, me kika gaya masa a kaina? Ranar Juma'a ba kya wurin, ni kaɗai zan shiga. Ta ce, "Sista, za ki yi shiru?" Na ce zan gwada. Ta daɗe tana magana, ni ina zaune a bakin gadon Abby na danne bakina da hannu.

Da ta gama na nemi ƙarya a ciki ban samu ba. Na ce ta sake daga farko, a hankali.